Taron tsintsiya ba shara: Los Angeles Lakers a kakar 2012 zuwa 2013

Ranar 10 ga Agusta 2012 aka kammala cinikin da ya kai Dwight Howard ƙungiyar ƙwallon kwando ta Los Angeles Lakers. Ƙungiyoyi huɗu ne suka sa hannu a cikinsa. Orlando ta saki Howard, Lakers ta miƙa wa Philadelphia dogon ɗan wasanta Andrew Bynum, ita kuma Philadelphia ta tura Andre Iguodala zuwa Denver, sauran matasa da 'yan cike gurbi suka nufi Orlando. Wata guda kafin nan Lakers ta riga ta ɗauko Steve Nash daga Phoenix. Ke nan idan aka busa usur, mutum biyar ɗin da za su fara shiga fili su ne Nash, Kobe Bryant, Metta World Peace, Pau Gasol da Howard. Nash ya ci kyautar gwarzon gasar NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, sau biyu, a 2005 da 2006. Kobe ya ci ta a 2008, ga kofuna biyar a hannunsa. Howard ya lashe kyautar gwarzon mai tsaron baya shekara uku a jere, daga 2009 zuwa 2011, World Peace ma ya taɓa cin ta a 2004 lokacin ana kiransa Ron Artest. Gasol kuwa, ɗan Sifaniya, yana cikin dogayen da suka fi kowa iya sarrafa ƙwallo a duniya a wancan zamani.

Mujallar Sports Illustrated ta buga hoton Nash da Howard a bangonta, tana yi wa masu kallo albishir cewa yanzu za a sha kallo. World Peace, wanda dama ba a san shi da tauna magana ba, ya ce yana ganin za su iya cin wasa 73 cikin 82, su karya tarihin da Chicago ta Michael Jordan ta kafa. Da kakar ta ƙare, wasa 45 suka ci, aka ci su 37, da ƙyar da jiɓin goshi suka shiga wasannin fidda gwani, aka kuma share su huɗu da babu a zagayen farko.

Dalilin zuwa kasuwa

Lakers ba ta shiga wannan ciniki don nishaɗi ba. Bayan kofunan 2009 da 2010, Dallas ta yi mata wankin babban bargo a 2011, huɗu da babu, koci Phil Jackson ya yi ritaya, Mike Brown ya gaje shi. A Disambar 2011 ƙungiyar ta ƙulla cinikin ɗauko Chris Paul daga New Orleans, shugaban NBA David Stern ya soke shi, don a lokacin hukumar gasar ce ke riƙe da ƙungiyar New Orleans ɗin. A 2012 kuma matasan Oklahoma City, su Kevin Durant da Russell Westbrook, suka fitar da ita huɗu da ɗaya, kowa yana kallon yadda suke tsere wa tsofaffin Lakers kamar an ɗaure musu ƙafa. Kobe ya cika shekara 34 a Agustan 2012. Kofi ɗaya ya rage masa ya kamo Jordan mai shida, ita ma ƙungiyar kofi ɗaya ya rage mata ta kamo Boston mai 17. Mai ƙungiyar, Jerry Buss, yana kwance ba lafiya. Ga kuma sabuwar yarjejeniyar nuna wasanni a talabijin da kamfanin Time Warner Cable ta shekara ashirin, wadda rahotanni suka ce ta kai dala biliyan uku, za ta fara aiki a wannan kakar. Duk wanda ke gidan yana sauri, kowa da dalilinsa.

Dama kuma al'adar gidan ce. Lakers ta saba ta je wata ƙungiya ta ɗauko dogon da ya fi kowa a zamaninsa: Wilt Chamberlain a 1968, Kareem Abdul-Jabbar a 1975, Shaquille O'Neal a 1996, kowannensu kuma ya kawo kofi. Da Howard ya iso, an ɗauka layin ne ya ci gaba.

Abin da aka saya

A nan ya kamata mai nazari ya ɗan tsaya, don kusan duk abin da ya faru daga baya yana rubuce a jikin kayan tun ranar ciniki. Nash yana da shekara 38, ya kuma daɗe yana lallaɓa ciwon baya. Masu kallonsa a Phoenix sun saba ganinsa kwance a ƙasa gefen fili idan an fitar da shi hutu, don zama a kujera yana ƙara masa ciwon. An ba shi kwantiragin shekara uku na kusan dala miliyan 28, aka kuma ba Phoenix damar zaɓe huɗu a zaɓen sabbin 'yan wasa na shekaru masu zuwa, biyu a zagayen farko, biyu a na biyu. Howard matashi ne, shekararsa 26, amma a Afrilun wannan shekarar aka yi masa tiyata a ƙashin baya, kuma shekara ɗaya tak ta rage a kwantiraginsa, bai yi wa kowa alkawarin zama ba. Gasol yana da 32, ya fito daga gasar Olamfik ta Landan inda Sifaniya ta kai wasan ƙarshe, gwiwoyinsa ba su huta ba. World Peace yana shirin cika 33. Babban wanda aka ɗauko don ya riƙe benci, Antawn Jamison, 36.

Albashin wannan taro ya kai wajen dala miliyan 100, mafi tsada a gasar, ban da harajin wuce iyaka na kusan miliyan 30 da NBA ke ɗora wa ƙungiyar da albashinta ya haura ƙa'ida. Tunda kuɗin ya ƙare a kan mutum biyar, benci sai abin da aka samu. A wasan da ake yin 82 cikin wata biyar da rabi, wani lokaci dare biyu a jere a garuruwa biyu, benci shi ne madogara. Wanda ya kalli Real Madrid bayan ta sayar da Claude Makélélé a 2003 ta ci gaba da tara masu suna a gaba zai gane irin ginin.

Akwai kuma matsalar da ta fi shekaru. Ƙwallo ɗaya ce a fili, huɗu daga cikin biyar ɗin kuwa da ita a hannu suka yi suna. Nash sai yana riƙe da ita yana zagayawa yake zama Nash. Kobe ya fi shekara goma shi ne mai jifan ƙarshe. Howard a Orlando shi kaɗai ne a ƙarƙashin kwando, an kewaye shi da masu jifa daga nesa don su buɗe masa wuri. Gasol ma a kusa da kwandon nan ya ci wa Lakers kofuna biyu. Wani sai ya matsa, kuma babu wanda ya zaunar da su ya faɗi wane ne.

Koci uku kafin watan farko ya ƙare

Amsar Mike Brown ita ce wani tsarin kai hari da ake kira Princeton, sunan jami'ar da koci Pete Carril ya raya shi. Tsari ne na yawan miƙa ƙwallo da zirga-zirga ba tare da ita ba, inda babu mutum ɗaya da ke jan ragama. An ƙirƙire shi ne don ƙungiyar da ba ta da taurari ta iya wahalar da mai su. Brown ya ɗauko Eddie Jordan ya koyar da shi. Sakamakon farko shi ne an raba Nash da abin da aka saye shi dominsa. Lakers ta buga wasannin share fage takwas, aka ci ta duka takwas, aka ce ai ba a ƙirga su. Juma'ar da za ta yi kyau dai tun daga Laraba ake gane ta.

Ranar 30 ga Oktoba Dallas ta zo har gida, babu ma tauraronta Dirk Nowitzki, ta ci su. Washegari a Portland Nash ya yi karo da Damian Lillard, wanda ranar ce wasansa na farko a NBA, ƙaramin ƙashin ƙwaurinsa na hagu ya tsage. An ce sati guda zai yi. Wasa 24 ya rasa, bai dawo ba sai 22 ga Disamba, tsagewar kuma ta taɓa masa jijiya, ciwon da ya bi shi har ya bar wasa. A wasa na biyar, a Utah, kyamara ta kama Kobe zaune a benci yana wata irin harara, bidiyon ya zagaya intanet kowa yana cewa da Brown yake. Ranar 9 ga Nuwamba aka sallami Brown, da nasara ɗaya cikin wasa biyar. Mataimakinsa Bernie Bickerstaff ya riƙe na wucin gadi, ya kwance wa 'yan wasan ɗaurin, suka ci huɗu cikin biyar.

Abin da ya biyo baya shi ne, a ganina, babban kuskuren shugabanni a duk kakar. Magoya baya a filin Staples Center suna ta rera cewa Phil suke so. Ranar Asabar Jim Buss, ɗan mai ƙungiyar da ke kula da harkar wasa, da manaja Mitch Kupchak suka je gidan Phil Jackson, mai kofi goma sha ɗaya a matsayin koci, biyar daga ciki da Lakers. Jackson ya nemi a ba shi zuwa Litinin. Tsakar daren Lahadi Kupchak ya tashe shi da waya ya gaya masa an ɗauki Mike D'Antoni. Abin ya ƙara ɗaci saboda Jackson shi ne ke neman auren Jeanie Buss, 'yar'uwar Jim, wadda ke riƙe da ɓangaren kasuwancin ƙungiyar. Rigimar fili ta shiga cikin gida.

D'Antoni ba ƙaramin koci ba ne. Shi da Nash suka sauya fasalin wasan a Phoenix da salon gudu da jifa cikin daƙiƙa bakwai ko ƙasa da haka, kuma yawancin ƙungiyoyin NBA na yau ɗiyan wannan tunani ne. Sai dai salon yana son matasa masu ƙafa, da dogo ɗaya kawai a ciki, da masu jifan maki uku a kowace kusurwa. An miƙa masa ƙungiya mai tsufa, mai nauyin jiki, da dogaye biyu, mutumin da ya san tsarin nasa kuma yana jinya. Shi kansa kocin bai daɗe da fitowa daga tiyatar gwiwa ba, sai 20 ga Nuwamba ya iya zama a gefen fili. Babu sansanin horo, babu lokacin koyarwa. An tashi daga tsarin da bai dace da Nash ba an koma wanda bai dace da kowa ba sai Nash.

Gasol da Howard

Gasol ne ya fara biyan kuɗin. Don a bar wa Howard ƙarƙashin kwando, aka tura shi nesa ya riƙa jifa daga inda ba gwaninsa ba. A wani wasa a Memphis cikin Nuwamba D'Antoni ya zaunar da shi duk zangon ƙarshe, da 'yan jarida suka tambaye shi dalili sai ya ce so yake ya ci wasan. Mutum mai kofi biyu a gidan aka yi wa wannan a bainar jama'a. Da Gasol ya yi ƙorafi, Kobe, wanda abokinsa ne na gaske, ya ce masa ta bakin 'yan jarida ya daina kuka ya ɗaure wando irin na manya. A Janairu aka mayar da shi benci, aka sa Earl Clark a gurbinsa, wanda a cinikin Howard gyara ne kawai aka ɗora a kan kaya. Ga ciwon gwiwa, ga buguwar kai da ya samu a wasa da Denver, sannan ranar 5 ga Fabrairu a Brooklyn jijiyar tafin ƙafarsa ta yage. Wasa 49 ya buga, da matsakaicin maki 13.7, mafi ƙanƙanta a rayuwarsa ta NBA zuwa lokacin.

Lamarin Howard ya fi wuyar yanke wa hukunci, kuma ina ganin an zalunce shi a wani ɓangaren. Ya dawo fili tun ranar farko alhali bayansa bai gama warkewa ba. Wanda ya san tsallensa a Orlando ya ga bambanci: yana isa wurin tare ƙwallo a makare, yana sauka ba ya iya sake tashi nan take. Ranar 4 ga Janairu, a wasa da Clippers, wani abu ya yage a kafaɗarsa ta dama, ya ci gaba da bugawa da ita. Duk da haka ya buga wasa 76, ya fi kowa a gasar cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando, 12.4 a kowane wasa, da maki 17.1. Da wani ne ba shi ba, da an yaba.

Inda laifinsa yake shi ne abin da ya ƙi yi. Dabarar da Nash ya fi ƙwarewa a kai mai sauƙi ce: dogo ya fito ya tsaya ya tare mai gadin Nash da jikinsa, sannan ya juya da gudu zuwa kwando, Nash ya jefa masa. Da ita Amar'e Stoudemire ya yi suna a Phoenix, kuma babu wanda jikinsa ya dace da ita kamar Howard. Shi kuwa so yake a ba shi ƙwallo yana tsaye ya juya wa kwando baya, ya yi dabararsa shi kaɗai kamar su Shaquille da Hakeem Olajuwon, alhali ba nan ƙarfinsa yake ba. Abokan hamayya kuma sun gano lagonsa: da gangan suke yi masa keta don a ba shi jifan kyauta, wanda kamar fanareti yake, mutum ya tsaya a layi babu mai tare shi. Ƙasa da rabi yake ci, kashi 49 cikin ɗari. Bayan an ci su a Chicago ranar 21 ga Janairu, inda jifa biyar kacal ya samu, sai ya riƙa ce wa 'yan jarida su duba takardar alƙaluma. A Fabrairu, a Miami, aka gan shi da Nash, mutumin da ba a san shi da faɗa ba, suna ɗaga wa juna murya a tsakiyar fili.

Tsakaninsa da Kobe kuwa hali ne ya bambanta. Howard mai raha ne, yana son a yi dariya a ɗakin sauya kaya, yana son a so shi. Kobe bai damu a so shi ba. Da kafaɗar Howard ta hana shi wasu wasanni a Fabrairu, Kobe ya faɗa wa wata 'yar jarida cewa ba su da lokacin jiran ta warke. Howard ya mayar masa da cewa ai shi ba likita ba ne. Kowannensu yana da gaskiyarsa: ɗaya yana ƙirga shekarun da suka rage masa, ɗaya yana tunanin kwantiragin da zai sa wa hannu a Yuli da jikin da zai kai kasuwa.

Duk wannan hayaniya a kan kai hari ake yin ta, alhali maki ba su ne matsalar ba, Lakers tana cin sama da ɗari a wasa. Ramin yana baya. Idan ƙwallo ta kuɓuce musu, kafin tsofaffin su juyo matasan wancan ɓangare sun riga sun isa kwando. Masu raba ƙwallo masu sauri sun riƙa wuce Nash yadda suka ga dama, Kobe yana adana ƙarfinsa don gaba, Howard ɗin da aka saya don ya rufe duk wannan ɓaraka rabinsa ne ya zo. Steve Blake, mai canjin Nash, ya yi tiyatar ciki ya rasa wasa 37. Jordan Hill, dogon da ke benci, ƙugu ya ajiye shi tun Janairu.

Daga Memphis zuwa agarar Kobe

Safiyar 23 ga Janairu, a Memphis, 'yan wasan da kocinsu suka yi zaman faɗa wa juna gaskiya. Da dare aka sake cin su. Lissafi ya tsaya a nasara 17, rashin nasara 25, suna can ƙasa a rukunin yamma mai ƙungiya 15, inda takwas kawai ke wucewa.

Daga nan abin ya juya, kuma yadda ya juya shi ne darasin da ya fi ba ni sha'awa. Kobe ya karɓi aikin Nash. A wasa da Utah ya miƙa ƙwallon da aka ci sau 14, ya sake yin 14 a kan Oklahoma City kwana biyu bayan haka, suka ci duka biyun. Nash, wanda a farkon watan nan ya zama mutum na biyar a tarihin NBA da ya kai irin wannan miƙawa 10,000, ya koma gefe yana jiran a ba shi ya jefa, bai yi gardama ba. D'Antoni ya rage gudun, ya haƙura da rabin aƙidarsa. Bayan hutun tsakiyar kaka jikin Howard ya fara dawowa, ya mai da hankali ga tsaro. Ranar 12 ga Maris ya koma Orlando ana yi masa ihu, aka yi ta yi masa keta, ya tsaya a layin jifan kyauta sau 39 ya ci 25, ya tashi da maki 39. Cikin wasa 40 na ƙarshe Lakers ta ci 28. Ashe ƙungiyar tana iya aiki, amma sai da kowane tauraro ya ajiye abin da aka san shi da shi, kuma an ɓata rabin kaka kafin a yarda da hakan.

A tsakiyar wannan, ranar 18 ga Fabrairu, Jerry Buss ya rasu yana da shekara 80. Shi ya sayi ƙungiyar a 1979, kofi goma ta ci a hannunsa. Kwana biyu bayan rasuwar Kobe ya yi wa jama'a jawabi a fili, suka doke Boston. A cikin makon ne kuma ya yi alkawari a bainar jama'a cewa za su shiga wasannin fidda gwani.

Ramin da aka haƙa a farkon kaka ya sa babu wasan da za a iya sakewa a ƙarshenta. Utah tana bin su a wuya. World Peace ya yi tiyatar gwiwa a ƙarshen Maris ya dawo bayan kwana goma sha biyu. Nash ya sake kwanciya da ciwon ƙugu da cinya. Nauyin ya koma kan mutum ɗaya mai shekara 34, a kakarsa ta goma sha bakwai. Wasan NBA minti 48 ne, manyan 'yan wasa kan buga 35 zuwa 38. A wasanninsa bakwai na ƙarshe Kobe ya riƙa buga sama da 45. Ranar 10 ga Afrilu a Portland bai fita ko na daƙiƙa ɗaya ba, ya ci maki 47.

Ranar 12 ga Afrilu Golden State ta zo Staples Center. A agogon Najeriya da Nijar wasan ya faɗo ne gab da asuba, kamar yawancin wasannin Los Angeles, shi ya sa da yawa daga masu bin gasar a nan sai da safe suka ga bidiyon. Stephen Curry yana ta zuba ƙwallo, ya ƙare da 47. Kobe ya faɗi har sau biyu a zango na uku yana riƙe ƙafa, ya tashi ya ci gaba, bai huta ba tun farkon wasa. A zangon ƙarshe ya jefa maki uku sau biyu ya dawo da su. Saura minti uku da 'yan daƙiƙoƙi, ya ɗauki ƙwallo ya taka zai wuce Harrison Barnes ta hagu, irin takun da ya yi sau dubbai, sai ya zube. Ya juya ya tambayi Barnes ko shi ya shure shi. Barnes ya ce a'a. Daga nan ya san abin da ya faru: agarar ƙafarsa ta hagu ce ta tsinke. Alƙalin wasa ya riga ya busa keta. Kobe ya tako a hankali, yana jan ƙafar, ya tsaya a layi ya jefa na farko ya shiga, ya jefa na biyu ya shiga, maki ya zama 109 da 109. Sannan ya taka da kansa har ɗakin sauya kaya. Lakers ta ci 118 da 116. Washegari aka yi masa tiyata.

Shugabannin ƙungiyar sun ce ba za a ɗora wa yawan mintuna laifin ba, Kupchak ya ce ya yi wa Kobe maganar hutu ya ƙi ji. Haka ne, agara takan tsinke wa wanda ya huta ma, kuma babu kocin da ya isa ya zaunar da Kobe a wannan makon. Tambayar da nake ganin ta fi dacewa ita ce me ya sa ƙungiya mai albashin dala miliyan 100 ta wayi gari ba ta iya ba mutum ɗaya hutun minti biyar a wasa. Amsar tana can a Yuli da Agusta da Nuwamba.

Ba tare da shi ba suka doke San Antonio, suka doke Houston a daren ƙarshe bayan ƙarin lokaci, suka ƙare a matsayi na bakwai. Alkawarin ya cika. Sai dai San Antonio ɗin suka sake haɗuwa da ita, ƙungiyar da Tim Duncan, Tony Parker da Manu Ginóbili suka shekara goma suna wasa tare a ƙarƙashin koci ɗaya, Gregg Popovich. A wasa na uku Nash da Blake da Jodie Meeks duk suna jinya, aka fara da Darius Morris da Andrew Goudelock, wanda kwanaki kaɗan kafin nan yana ƙaramar gasa. Aka ci su 120 da 89 a gida. A wasa na huɗu, ranar 28 ga Afrilu, alƙali ya kori Howard a zango na uku bayan laifin rashin ɗa'a na biyu. Yana shigewa ciki, Kobe ya fito da sandunan dogarawa ya zauna bayan benci, filin ya ɗauki tafi.

Masu kare wannan ƙungiya sukan kawo hujja ɗaya, kuma mai ƙarfi ce: mutum biyar ɗin nan sau bakwai kawai suka fara wasa tare a duk kakar. Sai dai ba su ci ko ɗaya cikin bakwai ɗin ba. Rauni kuma, ga wanda ya sayi ɗan shekara 38 mai ciwon baya da wanda ya fito daga tiyata wata huɗu da suka wuce, yana cikin farashin. Boston ta yi irin wannan tara taurari a 2007, ta haɗa Kevin Garnett da Ray Allen da Paul Pierce, ta tashi daga nasara 24 zuwa 66 ta ɗauki kofi a kan Lakers ɗin nan. Amma su ukun lafiyarsu ƙalau, ba su wuce 32 ba, aikin kowa daban, koci ɗaya ne tun daga sansanin horo har ƙarshe, kuma Garnett da ya fi su suna shi ya fara rungumar aikin tsaro.

Abin da ya rage a hannu

A ƙarshen Yunin 2013 Lakers ta kafa manyan alluna a titunan Los Angeles tana roƙon Howard ya zauna, abin da ƙungiyar ba ta saba yi wa kowa ba. Ta yi masa tayin dala miliyan 118 na shekara biyar. Ya karɓi miliyan 88 na shekara huɗu a Houston. Bynum da aka bayar dominsa bai buga wa Philadelphia ko wasa ɗaya ba saboda gwiwa, haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance. An sallami World Peace don a rage haraji. Nash ya buga wasa 15 a kakar da ta biyo baya, bai sake bugawa ba, ya yi ritaya a Maris 2015. Kobe ya dawo ya buga shida gwiwarsa ta karye. D'Antoni ya ajiye aiki a 2014 bayan nasara 27 kacal, Gasol ya tafi Chicago, kakar da ta biyo aka ci 21, ta bayanta 17. Shekara shida a jere Lakers ba ta shiga wasannin fidda gwani ba. A Fabrairun 2017 Jeanie Buss ta sauke ɗan'uwanta Jim da Kupchak. Bashin cinikin Nash bai gama biyuwa ba sai 2018, lokacin da damar zaɓen ƙarshe da aka bayar ta zama ta goma, aka ɗauki Mikal Bridges da ita.

Howard ya zagaya Houston, Atlanta, Charlotte da Washington, sannan a 2019 ya dawo Lakers da kwantiragin da ba a ma lamunce masa albashin ba, ana iya sallamarsa kowace rana. Daga benci yake tasowa. Aikinsa ya tare wa LeBron James, tauraron ƙungiyar a lokacin, mai gadi, ya ruga kwando, ya cafe ƙwallo, ya tsare baya, ba a tsara masa ko jifa ɗaya ba. A Oktoban 2020, wata tara bayan rasuwar Kobe a haɗarin jirgi mai saukar ungulu, Lakers ta ɗauki kofinta na 17, a wasannin da annobar korona ta sa aka killace su a kusa da Orlando, Howard yana cikin waɗanda suka fara shiga fili har sau biyar a wasannin zagayen ƙarshe.